Wa ke da hurumin sa hannu a izinin gini, kuma zai iya miƙa wa wani?

Ɗan Kwangila:

Assalamu alaikum. Tambayata ga lauyoyi da ma'aikatan tsara birane da ke wannan zaure. Ga abin da ake yawan gani a garuruwanmu: mai fili ya kai zanen gini, ya biya kuɗi a banki, an zo an duba fili, an ba shi takardar izini, an buga hatimi a kowane shafi na zanen. Sai dai sa hannun da ke ƙasa na jami'in shiyya ne, an rubuta "a madadin Manajan Darakta". Gini ya kai linta, sai ga tawaga daga hedikwata da jan fenti, ta ce wanda ya sa hannun ba shi da hurumin amincewa da bene, don haka izinin bai inganta ba.

Shin doka ta yarda shugaban hukuma ya miƙa wa na ƙasa da shi wannan iko? In ta yarda, ina iyakarsa? Kuma mai gini da ya bi layi ya biya, me ya rage masa?

Baristan Unguwa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Amsar tana cikin dokar da ta kafa hukumar jiharku, don haka daga can ake farawa. Mutane da yawa suna ɗauko dokar tsara birane ta tarayya, wato Doka ta 88 ta 1992, su yi ta kafa hujja da ita. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar na Legas ya kai Antoni Janar na Tarayya, ta yanke cewa tsara birane da bayar da izinin gini hurumin jihohi ne, tunda ba ya cikin abubuwan da kundin tsarin mulki ya ba tarayya. Tarayya tana da wannan iko a Abuja kaɗai. Ko filin gwamnatin tarayya ne a cikin jiha, izinin gini daga hukumar jihar yake fitowa. Saboda haka a Kano dokar hukumar tsara birane ta jihar, wato KNUPDA, za ka buɗe, a Kaduna ta KASUPDA, haka sauran jihohi, kowacce da tata.

In ka buɗe, abu biyu kake nema. Na ɗaya, wa doka ta ambata da suna ta ce shi ke amincewa ko ƙin amincewa: hukumar ce dungurungum, ko majalisar daraktocinta, ko shugabanta, ko wani sashe? Na biyu, akwai sashen da ya ce wannan mai ikon zai iya wakilta wani, kuma wa da wa aka lissafa?

Ƙa'idar da kotuna ke bi ita ce wakili ba ya naɗa wakili. Majalisa ta zaɓi wanda ta amince da hankalinsa ta ba shi iko, ba shi da damar ɗorawa wani sai in ita majalisar ta ba shi wannan dama, a fili ko ta yadda aka tsara dokar. Wanda ya karanta babin wakilci a fiƙihu ba zai ga baƙon abu ba a nan, don can ma asali wakili ba ya wakilta wani sai da izinin wanda ya wakilta shi.

Misali mafi kusa da mu yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Sashe na 45 ya ce Gwamna zai iya miƙa ikonsa ga Kwamishina, da sharuɗɗan da ya ga dama, kuma takardar mallakar da Kwamishina ya bayar sai an rubuta cewa a madadin Gwamna aka bayar. Kwamishina kaɗai aka ambata. A shari'ar Union Bank da Ayodare ta 2007, an jinginar da kadara ga banki, amincewar Gwamna da sashe na 22 na dokar ke buƙata kuma ta fito da sa hannun wani babban jami'in filaye na ma'aikata. Kotun Ƙoli ta ce Kwamishina shi kansa wakili ne, ba shi da ikon sauke nauyin a kan wani jami'i, jinginar ta rushe. Lauyoyi da dama sun soki hukuncin, tunda wanda ya ci bashin shi ya ci ribar kuskuren, amma hukuncin yana nan. In banki da tarin lauyoyinsa ya yi asarar jingina saboda sa hannu ɗaya, mai bene biyu a unguwa bai kamata ya ɗauki abin da wasa ba.

Sai dai kada a fahimce ni cewa duk takardar da aka rubuta "a madadin" ɓatacciya ce. Akwai bambanci tsakanin yanke hukunci da isar da hukunci. In mai ikon ya duba fayil ya rubuta "na amince", sannan jami'in shiyya ya rubuta maka wasiƙa yana sanar da kai, ba a miƙa komai ba, saƙo aka kai. In kuwa fayil bai taɓa barin ofishin shiyya ba, jami'in shi ya auna shi ya yanke, to nan ake tambayar takardar da ta ba shi wannan iko.

Sannan sashe na 5(2) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce Gwamna zai iya zartar da ikonsa da kansa, ko ta hannun mataimakinsa, ko kwamishinoni, ko ma'aikatan gwamnatin jiha. Wannan ya yi daidai da tsohuwar ƙa'idar Ingila ta shari'ar Carltona ta 1943, cewa ma'aikacin ma'aikata hannun minista ne, abin da ya yi ministan ne ya yi. Lauyan gwamnati zai jingina da wannan. Raunin hujjar shi ne inda doka ta riga ta fayyace wanda za a miƙa wa, kamar sashe na 45, kotu ba ta barin a faɗaɗa jerin ta bayan gida. Kuma hukumar da doka ta kafa da majalisar daraktocinta daban take da ma'aikata, ba kai tsaye ƙa'idar ke hawa kanta ba.

Mai Taswira:

Barista ya gama da ɓangaren doka, bari in ce wani abu kan yadda fayil ke tafiya, don a cikinsa ake gane ko izini na da asali.

Mai nema zai kawo shaidar mallakar fili, da taswirar safiyo, da zanen akitek mai hatiminsa na ARCON, hukumar rajistar akitek-akitek, da zanen ƙarfe da lissafin injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da injiniyoyi, in bene ne, da gwajin ƙasa in ginin mai nauyi ne, da shaidar biyan haraji. A buɗe fayil a ba shi lamba. Sifeto ya je fili ya auna, ya ga ko iyakokin sun yi daidai da taswira, ko akwai magudanar ruwa ko layin wuta, ya rubuta rahoto. Masu duba zane su duba tazarar gini daga titi da maƙwabta, da yawan filin da ginin ya cinye, da wurin ajiye mota. A lissafa kuɗi, a biya. Duk waɗannan ayyuka ne na share fage, kowane ma'aikaci da aka ɗora zai iya yin su, ba wanda zai ce an saɓa doka. Shafi ɗaya ne ke da nauyi, shafin da mai iko ya rubuta amincewa ya sa hannu da kwanan wata. In ka nemi fayil ka ga rahoton sifeto, ka ga rasit, sai kawai kwafin wasiƙar izini ba wannan shafin a tsakani, to akwai matsala.

Hukumomi kan raba aiki hawa-hawa, don shugaba ɗaya ba zai iya duba dubban fayiloli ba. Gidan zama na ƙasa akan bar wa shiyya, bene da shaguna su tafi hedikwata, gidan mai da otal da makaranta da sauya amfanin fili daga zama zuwa kasuwanci su je gaban kwamiti. Kowace hukuma da inda ta ja layinta. Wannan rabon yana inganta ne in an yi shi a rubuce, da ƙudurin majalisar daraktoci ko takardar miƙa iko ko sanarwa a gazet, wato mujallar sanarwar gwamnati, gwargwadon abin da dokar ta ce. Takardar kirki za ta faɗi muƙamin da aka ba ikon, da irin ginin, da yankin, da ranar da ta fara aiki.

Inda abin ke lalacewa na gani kashi-kashi. Wani lokaci jami'in yana da iko na gaske, amma na gidan ƙasa, sai ya sa hannu a bene mai hawa biyu. Wani lokaci an ba muƙamin darakta iko, darakta ya tafi hutu, ya ce wa mataimakinsa da baki "ka riƙa sa hannu", ba takardar riƙon ƙwarya. Wani lokaci an rushe majalisar daraktoci bayan sauyin gwamnati, ba a naɗa sabuwa ba, doka kuma ita ta ba ikon amincewa da manyan gine-gine. Akwai kuma kwamitin da doka ta ce mutum kaza ne za su zauna kafin zama ya inganta, sai shugaban kwamitin ya amince shi kaɗai a ofishinsa "saboda gaggawa". A Ingila an yi irin wannan a shari'ar Hillingdon ta 1986, kotu ta ce dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ta yarda a miƙa wa kwamiti ko ma'aikaci, amma mutum ɗaya ba ya zama kwamiti.

Sai abin da ba wanda zai iya yafewa, ko shugaban hukumar da kansa. Titin tarayya yana da mita 45.72 daga tsakiyarsa ta kowane ɓangare da ba a gini a ciki. Babban layin wuta mai kilobolt 330 yana da faɗin mita 50 da ba a gini a ciki, mai 132 kuma mita 30. Izinin da ya shiga nan, ko wa ya sa hannu, bai hana rusau ba, domin mai miƙa ikon ma ba shi da shi balle wanda aka miƙa wa.

Rasit kuma ba izini ba ne, Alhaji. Haka lasisin hukumar man fetur ga mai gidan mai, haka C of O, wato takardar mallakar fili. Kowanne ƙofarsa daban.

Ɗan Kwangila:

Na gode ƙwarai, Barista da Malam Mai Taswira. Amma abin bai kwanta mini ba. Hukumar ita ta ɗauki jami'in aiki, ita ta ba shi ofis da hatimi, kuɗin kuma asusun gwamnati ya shiga. Mai gini ina zai san abin da ke cikin takardunsu na cikin gida? A kasuwa in yaron shago ya sayar da kaya ya ba da rasit, maigida ba ya zuwa ya ce a dawo da su.

Malamar Shari'a:

Alhaji, hujjarka tana da ƙarfi a shari'ar ciniki, kuma akwai lokacin da alƙalai suka karɓe ta a shari'ar gini. A farkon shekarun 1970, a shari'ar Lever Finance da majalisar Westminster a Landan, jami'in tsara birane ya gaya wa akitek ta waya cewa ɗan sauyin da ya yi wa zane ba ya buƙatar sabon izini. Aka ci gaba da gini, majalisa ta zo ta musa, kotu ta ce maganar jami'inta ta ɗaure ta, tunda al'adar ofishin ce jami'ai su yanke irin wannan. Daga baya kotuna suka ja da baya. A 2002, a shari'ar Reprotech, kotun ƙolin Ingila ta wancan lokaci ta ce furucin jami'i ba ya maye gurbin hukuncin da doka ta tsara yadda za a yi shi. Dalilinsu shi ne izinin gini ba tsakanin mutum biyu yake ba. Akwai maƙwabcin da za a toshe wa iska, akwai unguwar da ruwa zai ci in an danne kwalbati, kuma su ba su ji wayar da aka yi ba. In aka ce duk abin da jami'i ya faɗa ya zama doka, to kowane jami'i zai iya ƙara wa kansa iko da bakinsa. Hukunce-hukuncen Ingila ba su ɗaure kotunanmu ba, amma ana kafa hujja da su, kuma kotunan Najeriya ma sun daɗe a kan cewa ba a hana doka aiki saboda alkawarin ma'aikaci.

Duk da haka mai gini ba hannu rabbana yake ba. Sashe na 168 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce aikin hukuma da aka yi bisa tsarin da aka saba, ana ɗaukar an cika sharuɗɗansa, kuma wanda aka ga yana aiki a muƙami ana ɗaukar an naɗa shi yadda ya dace. Ma'ana, in ka ajiye izini mai lamba da hatimi a gaban alƙali, hukumar ce za ta kawo hujjar cewa jami'inta ya wuce gona da iri. Faɗa da baki bai isa ba, sai ta fito da takardar rabon iko ta nuna layin da ya tsallake. In ta kasa, ko aka gano shekara da shekaru wannan ofishin ke sa hannu a irin wannan gini hedikwata na karɓar rahoto ba ta ce uffan ba, matsayinta ya yi rauni sosai.

Na biyu, takobin kaifi biyu gare shi. Takardar dakatar da aiki da ta rusau su ma iko ne na doka, su ma sai mai hurumi. A duba wa ya sa musu hannu, da wace takarda, an ba da wa'adin da doka ta ce ko ba a ba da ba, an saurari mai gini ko ba a saurare shi ba. Jan fenti a bango shi kaɗai ba sanarwa ba ce. A ɓangaren ƙwace fili ma sashe na 28(6) na Dokar Amfani da Ƙasa ya ce sai da sa hannun jami'in da Gwamna ya ba izinin hakan, kuma sai an kai wa mai filin sanarwa.

Akwai wani nau'in da ba a cika lura da shi ba, wato miƙa iko sama ko gefe. Doka ta ba hukuma iko, sai hukumar ta ce ba za ta amince ba sai wani babba ya yarda, ko ta soke izini don an bugo waya daga sama. A shari'ar Lavender ta 1970, kamfani ya nemi izinin haƙar tsakuwa a gona, Ministan Gidaje na Ingila ya ƙi, ya ce manufarsa ita ce ba ya amincewa muddin Ministan Gona bai yarda ba. Kotu ta soke ƙin amincewar. Neman shawara halal ne, har ma a ba ta nauyi, amma wanda doka ta ambata shi zai yanke. Wasiƙar da ta ce "an umarce mu" ba tare da dalilin tsara gari ko ɗaya ba, kyauta ce ga lauyan mai gini.

Game da gyara, kada a yarda da wasiƙar da ke cewa hedikwata "ta tabbatar" da abin da jami'in ya yi. A shari'ar Barnard ta 1953, manajan tashar jiragen ruwa ya dakatar da ma'aikata alhali ikon na hukumar ƙwadagon tashar ne, kotu ta ce amincewar hukumar daga baya ba ta raya abin da tun farko bai inganta ba. Abin da za a nema shi ne mai ikon ya ɗauki fayil ya duba da kansa, ya ba da sabon izini da sabon kwanan wata. In zanen ya cika ƙa'ida, wannan ya fi kotu sauri da araha nesa ba kusa ba, kuma akwai hujjar a ce kada a sake cajin kuɗin da aka riga aka biya.

In sai an je kotu, lokaci ne ke kashe yawancin ƙararrakin. Neman Babbar Kotu ta sake duba hukuncin hukuma galibi wata 3 ne daga ranar da abin ya faru. Dokar kare ma'aikatan gwamnati ita ma wata 3 ta ba da don shigar da ƙara a kansu, ko da yake kotuna sun cire wasu ƙararraki daga ciki, kamar na neman fili da na saɓa kwangila. Dokokin hukumomi da yawa kuma suna buƙatar a ba su sanarwa kafin a shigar da ƙara, sau da yawa wata 1, wannan watan kuma a cikin ukun yake ci. Mutum ya ɓata mako goma yana zarya ofis ana ce masa "oga ya yi tafiya", ya zo wa lauya lokaci ya ƙure. A dakatar da aikin ranar da takarda ta zo, a rubuta ƙorafi a karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, a nemi kwafin fayil da aka tabbatar, a nemi umarnin kotu na hana rusau kafin katafila ta iso.

Baristan Unguwa:

Na yarda da Malama, sai ƙari kan wurare biyu da ake yawan faɗawa.

Na farko takardar ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da sanya wa tituna suna da gidaje lamba, da allunan talla, da ƙiyasta harajin gidaje. Izinin gini ba ya ciki. Ƙaramar hukuma tana samunsa ne kawai in dokar jiha ta ba ta. Ikonta na ba da fili a sashe na 6 na Dokar Amfani da Ƙasa ma ya tsaya a wajen yankin da Gwamna ya ayyana a matsayin birni a ƙarƙashin sashe na 3, kuma gari na faɗaɗa, ƙauyen jiya ya shiga birni yau ba tare da mazauna sun sani ba. Takardar dagaci ko mai unguwa shaida ce ta ciniki, tana da amfaninta, amma ba ta halatta aza bulo ko ɗaya. A Abuja abin ya fi tsanani. Sashe na 297 na kundin tsarin mulki ya mallaka wa tarayya dukkan ƙasar Abuja, ikon kuma yana hannun Ministan Abuja ta hanyar wakilcin Shugaban Ƙasa, kuma Kotun Ƙoli a shari'ar Madu da Madu ta 2008 ta tabbatar cewa daga Minista mallakar fili ke fitowa. Can dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ke aiki, kuma a ƙarƙashinta izini shekara 2 yake yi, in ba a fara gini ba sai an sabunta. Wannan ma wani abin dubawa ne kafin a zargi sa hannu.

Na biyu kamfanoni masu zaman kansu. Yanzu gwamnatoci na ɗaukar kamfani ya duba zane, ya shigar da fayiloli a kwamfuta, ya tara kuɗi. Ba laifi in aikinsa ya tsaya a rahoto da shawara. Amma ba ya amincewa, ba ya dakatar da gini, ba ya rusau da sunansa, sai doka ta faɗi haka ƙarara. Kuma wanda ya ba shi kwangilar dole ikon ya zama nasa ne tun asali. A 1998, a shari'ar Knight Frank da Antoni Janar na Kano, gwamnatin jiha ta ba kamfani aikin ƙiyasta gidaje don haraji, Kotun Ƙoli ta ce wannan aikin ƙananan hukumomi ne, jiha ba ta da hurumin ba da shi, kwangilar ba ta inganta ba. Haka mai rukunin gidaje da ya yanka filaye ya sayar: amincewar da aka yi wa taswirar rukunin ba ta ba shi ikon ba kowane mai saye izinin gini ba, ko da ya buga takarda mai tambari ya karɓi kuɗi.

Alhaji, a irin matsalar da ka kawo, wasiƙar farko ta tafi ga shugaban hukumar, kwafi ga sashen shari'arta. A sa lambar fayil da ta izini, a haɗa rasit da takardar dakatarwa, a nemi abu uku: takardar da ta fayyace ikon jami'in shiyya a ranar da ya sa hannu, shafin amincewa da ke cikin fayil, da takardar da ta ba tawagar jan fenti ikon dakatarwa. A ba su kwana 7, a fara ƙirga wata ukun daga ranar da aka shafa fentin.